Nosferatu: Fim Ɗin Da Kotu Ta Ce A Lalata, Masoya Suka Ƙi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta kai su sauraro ba, da kuma masu cewa sun fi gane abu idan sun karanta da idonsu.

Bayan shirin da ya wuce wani ɗan uwa ya turo min saƙo yana cewa, "Malam, kai kullum sai tsofaffin fina-finan da ba wanda ya sani, wai me kake tsinta a ciki ne?" Na yi dariya, amma tambayar ta tsaya min a rai. To yau zan ba shi amsa da labarin fim guda ɗaya. Fim ne da ya haura shekara ɗari, ba a jin muryar kowa a cikinsa, kamfanin da ya yi shi ya karye, sannan kotu ta yanke hukuncin a tattara duk kwafinsa a lalata. Duk da haka, in kana so, a daren yau za ka iya kallonsa a wayarka. Sunansa Nosferatu, na ƙasar Jamus, ya fito a 1922.

Kun san akwai fina-finan da ke cika silima a makon farko, bayan shekara biyu kuma ko sunansu ba a tunawa. Akwai kuma waɗanda ke fitowa shiru, wani lokacin ma su jawo wa masu su asara, amma wasu 'yan tsiraru su riƙe su gam, suna kallo suna maimaitawa, suna miƙa wa na baya kamar gado. Ni ina kiran irin waɗannan fina-finan 'yan gani-kashe-ni, kuma Nosferatu yana cikin kakanninsu. Gargaɗi tun yanzu: zan faɗi yadda fim ɗin ya ƙare. Wanda ba ya so a ɓata masa, ya je ya kalla ya dawo.

To, mu koma 1897. A shekarar ne wani marubuci ɗan ƙasar Ailan mai suna Bram Stoker, wanda ke zaune a Landan, ya fitar da littafinsa Dracula, labarin wani basarake da ya mutu amma bai kwanta ba, yana rayuwa da shan jinin mutane. Mu a nan in an ce maye, kurwa yake kamawa, kuma mutum ne mai rai a cikin gari. Na Turawan gabashin Turai gawa ce da ke tashi daga kabari da dare. Stoker ya rasu a 1912, ya bar matarsa Florence, kuma haƙƙin mallakar littafin ya koma hannunta. Ku riƙe sunan matar nan, za mu dawo kanta.

A 1921 wasu mutum biyu a Jamus, Albin Grau da Enrico Dieckmann, suka kafa wani ɗan ƙaramin kamfanin fim mai suna Prana Film. Shi Grau mai zane ne, kuma mutum ne da ya nutse cikin binciken sihiri da ilimin asirai. Burinsu su riƙa yin fina-finai kan abubuwan ɓoye. Suka ɗauko Henrik Galeen ya rubuta labari, suka ɗauko wani matashin darakta, Friedrich Wilhelm Murnau, wanda ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya har da tuƙin jirgin sama. Labarin Dracula suke so, amma ba su nemi izini ba, ba su biya ko sisi ba. Sai suka yi dabarar da har gobe wasu ke yi: suka canza sunaye. Dracula ya koma Orlok, saurayin da ya je wurinsa ya koma Hutter, matarsa ta koma Ellen. Suka ɗauke labarin daga Ingila suka kai shi wani ƙirƙirarren garin Jamus mai suna Wisborg, a shekarar 1838.

Ga yadda labarin yake. Hutter yaron wani dillalin gidaje ne. Maigidansa ya tura shi can tsaunukan Transylvania wurin wani basarake da ke son sayen gida a garinsu. Mutanen ƙauyen da ya yada zango suka firgita da jin sunan inda za shi, shi kuwa ya mai da abin wasa. Ya isa, ya tarar da Orlok: dogo, siriri, kai ba gashi, kunnuwa masu tsini, farata zaƙo-zaƙo, haƙora biyu a gaba kamar na ɓera. Wajen cin abinci Hutter ya yanke yatsa da wuƙar burodi, sai ga mai masaukin ya taso wa jinin. Daga baya Orlok ya ga hoton Ellen, nan take ya sa hannu a takardar gidan da ke kallon nasu. Ya loda akwatunan gawa cike da ƙasa, ya shige ɗaya, aka ɗora su a jirgin ruwa. Ma'aikatan jirgin suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da jirgin ya shigo tashar Wisborg babu mai rai a ciki, sai gawar kyaftin ɗaure a jikin sitiyari, sai kuma ɓeraye da suka kwararo cikin gari. Annoba ta ɓarke. A ƙarshe Ellen ta karanta a wani littafi cewa dodon ba zai halaka ba sai wata mace mai tsarkin zuciya ta shagaltar da shi har zakara ya yi cara. Ta buɗe masa taga da kanta. Ya sha jininta har gari ya waye, hasken rana ya taɓa shi ya ɓace kamar hayaƙi, ita ma ta cika a hannun mijinta.

A nan akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Wannan maganar da kuke gani a kowane fim cewa rana tana kashe mai shan jini, ba daga littafin Stoker ta fito ba. A littafin, Dracula yana yawo da rana tsaka, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Nosferatu ne ya kawo mutuwa da hasken rana, sauran duniya ta kwaikwaya. Wato fim ɗin da aka yi da kayan wani, shi ma daga baya kowa ya ɗebi nasa.

Me ya sa ɓeraye da annoba? Ku tuna lokacin. Shekara uku ke nan da gama yaƙin da Jamus ta sha kashi, ta rasa samari kusan miliyan biyu. Kan a farfaɗo, murar 1918 ta zagaye duniya ta kashe miliyoyin mutane, har ƙasarmu ta iso. Mutanen da suka shiga silima a 1922 sun san yadda jerin makara yake a titi. Akwai wani wuri a fim ɗin da Ellen ke leƙowa ta taga tana ganin masu ɗauke da akwatunan gawa sun yi layi a wani siririn lungu. Ni na fara kallon fim ɗin ne kafin korona, na sake kallonsa lokacin kulle na 2020, kuma wallahi kamar fina-finai biyu daban na kalla. A karo na biyu wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda mutanen gari, da tsoro ya ishe su, suka rasa wanda za su kama sai suka bi dillalin nan da gudu suna jifa. Annoba in ta zo, mutane sai sun nemo wanda za su ɗora wa.

Dole kuma in faɗi wani abu mara daɗi. Masana fim da dama sun lura cewa siffar Orlok, baƙo daga gabas mai ƙugiyar hanci da ke shigowa da ɓeraye da cuta yana sayen gida a tsakiyar gari, ta yi kama da zanen ɓatanci da ake yi wa Yahudawa a Turai a wancan zamani. Wasu masanan na ganin da gangan ne, wasu na cewa Murnau ba shi da wannan aƙidar kuma yana da abokai da abokan aiki Yahudawa. Son fim ba ya hana ka ganin tabonsa. Wanda ya san abin da ya faru a Jamus shekara goma sha ɗaya bayan fitar fim ɗin, ba zai kalli wannan siffar da ido ɗaya ba.

Yanzu mu zo kan yadda aka yi aikin, don a nan daɗin yake. A wancan lokaci manyan fina-finan Jamus na ban tsoro, irin su The Cabinet of Dr. Caligari na 1920, a cikin ɗaki ake yin su, da bangaye na zane masu karkace-karkace. Murnau ya fita waje. Ya ɗauki tashar jirgi da tituna a garin Wismar. Gidan da Orlok ya saya, tsofaffin ɗakunan ajiyar gishiri ne na garin Lübeck, kuma suna nan tsaye har yau. Gidan sarautar Orlok kuwa shi ne Orava, wanda ke kan wani dutse a ƙasar Slovakiya ta yanzu. Mai ɗaukar hoto Fritz Arno Wagner da kyamara ɗaya ya yi aikin saboda ƙarancin kuɗi. Da yake wuraren na gaske ne, sai dodon ya zama kamar ya shigo duniyarmu ne, abin ya fi tayar da tsigar jiki.

Dabarunsu masu sauƙi ne. Keken dokin da ya ɗauko Hutter, sun rage yawan hotunan da kyamara ke ɗauka, sai ya riƙa gudu yana fizga kamar ba na duniya ba. Da ya shiga daji suka juya hoton, baƙi ya koma fari, fari ya koma baƙi, itatuwa suka zama kamar ƙasusuwa. A cikin jirgi Orlok ya tashi daga akwatinsa a sandare, ko gwiwa bai lanƙwasa ba, kamar an ɗaga katako. Sai kuma wurin da ya fi kowanne shahara: ba a nuna shi yana hawa bene zuwa ɗakin Ellen, inuwarsa kawai ake gani a bango, yatsu suna miƙewa zuwa ƙofa, sannan inuwar hannun ta sauka a ƙirjinta ta damƙe. Babu jini, babu ihu. Ranar da na fara kallo, minti ashirin na farko dariya nake yi wa yadda 'yan wasan ke zare ido. Da aka zo kan inuwar nan, na tsinci kaina ina waiwayen ƙofar ɗakina.

Wanda ya fito a Orlok ɗan wasan daɓe ne mai suna Max Schreck. Abin mamaki, kalmar Schreck a Jamusanci tana nufin firgici, kuma sunansa ne na gaskiya. Wannan ya sa daga baya aka riƙa raɗe-raɗin wai ba mutum ba ne. Mutum ne kamar kowa, ya ci gaba da sana'arsa har ya rasu a 1936.

Wani abu kuma: ba su da kayan ɗaukar hoto cikin duhu, don haka yawancin wuraren dare da rana aka ɗauke su. Sai a tsoma zaren fim ɗin a rini, kamar yadda marina ke tsoma ƙyalle a baba. Shuɗi na nufin dare, ruwan ɗorawa na nufin rana ko hasken fitila, ja-ja na nufin asuba. Kwafin da suka yi ta yawo daga baya da yawa babu rinin, sai ka ga dodon da rana ke kashewa yana ratsa gari da akwatinsa a hammata cikin hasken rana tsaka. Shekaru da dama haka mutane suka kalle shi suna ruɗewa.

An buɗe fim ɗin ranar 4 ga Maris 1922 a wani katafaren zaure da ke gidan zu na Berlin. Biki aka yi na kece raini, aka ce baƙi su zo da tufafin zamanin da labarin ya faru, ga makaɗa suna buga kiɗan da Hans Erdmann ya tsara. Prana ta zuba kuɗi a talla kamar ba gobe. Jaridu sun yaba, amma kuɗin bai dawo ba.

Sai ga Florence Stoker. Takardar bikin ta isa hannunta a Landan, kuma a jikin takardar an rubuta ƙarara cewa daga Dracula aka ɗauko labarin. Kun ga sun canza sunaye a banza ke nan. Matar nan ta manyanta, kuma abin da littafin mijinta ke kawowa shi ne madogararta. Ta shiga ƙungiyar marubutan Birtaniya, ƙungiyar ta ɗaukar mata lauya a Jamus, aka shiga kotu. Prana ta ce ta karye, ba ta da abin biya. Nosferatu shi ne fim na farko kuma na ƙarshe da kamfanin ya yi. Aka yi ta jan shari'a da waɗanda suka gaji kadarorin kamfanin. Da Florence ta ga kuɗi ba zai fito ba, sai ta ce to a lalata fim ɗin. A 1925 kotu ta ba ta gaskiya, ta ba da umarnin a lalata uwar fim ɗin da duk kwafinsa.

Jama'a, a nan nake so mu yi adalci. Masoya fim sun saba zagin matar nan, ni kuwa ban ga laifinta ba. An ɗauki gumin mijinta ba a tambaye ta ba. Mu da muka ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan fina-finan Hausa, muka ga furodusoshi sun sayar da kadara sun yi fim an kwafe a kwana ɗaya, bai kamata mu yi wa mai neman haƙƙinta dariya ba. Tana da gaskiya. Sai dai da hukuncin ya tabbata yadda aka so, da duniya ta yi asarar da ba ta da magani. Abu biyun duk gaskiya ne, kuma ni har yau ban iya sulhunta su a raina ba.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne an riga an sayar da kwafi zuwa ƙasashen waje kafin hukunci, kuma hannun kotun Jamus bai kai ko'ina ba. Kwafi ya ɓulla a Landan wurin wata ƙungiyar masoya fim, Florence ta bi shi. A 1929 aka nuna shi a New York. A 1930 wasu a Jamus suka yanyanka shi, suka ƙara wasu wurare, suka sa masa sabon suna da ƙarshe mai daɗi, ba da sanin Murnau ba. A Faransa mawaƙa da masu zane na ƙungiyar André Breton suka ɗauke shi kamar nasu. Florence ta sayar wa kamfanin Universal haƙƙin littafin, suka yi Dracula na 1931 da Bela Lugosi, ita kuma ta rasu a 1937. Murnau ya koma Amurka ya yi Sunrise a 1927, ya rasu a haɗarin mota a California a 1931 yana ɗan shekara 42.

Ga wani abin da ke ba ni mamaki. A 1920 Murnau ya yi irin wannan dabarar da littafin Dr. Jekyll and Mr. Hyde, ya canza sunaye ya kira fim ɗin Der Januskopf, har Bela Lugosi ya fito a ciki. Babu kotun da ta ce a lalata shi, amma yau babu shi, ya ɓace. Haka 4 Devils da ya yi a Amurka a 1928. Zaren fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yin sa, yana ruɓewa da kansa, kuma yana kama wuta kamar fetur. Wani bincike da ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya. Yawancinsu ba wanda ya yi musu hukunci. Rashin mai kula ne ya cinye su.

Nosferatu ya samu masu kula. Ma'ajiyar fina-finai ta Faransa, wadda Henri Langlois ya jagoranta, ta adana kwafi. Lotte Eisner, Bayahudiya 'yar Jamus da ta gudu Faransa a 1933, ta rubuta littattafai kan fina-finan Jamus na wancan zamani da kan Murnau kansa, ta dawo da sunansa bakin mutane. In kuna son ku san me ake nufi da gani-kashe-ni, ku ji wannan: a ƙarshen 1974 darakta Werner Herzog ya ji Eisner na kwance ba lafiya a Paris, sai ya taka da ƙafa daga Munich cikin hunturu, tafiyar kusan mako uku, wai don kada ta mutu. Ta kuwa tashi, ta rayu har 1983. Herzog ɗin ne ya sake yin Nosferatu a 1979 da Klaus Kinski. A 2000 aka yi Shadow of the Vampire, inda Willem Dafoe ya fito a Max Schreck bisa tatsuniyar nan ta cewa dodo ne na gaske. Wajen 2006 masu gyara suka harhaɗa kwafi daga ma'ajiyoyi daban-daban na Turai suka dawo da fim ɗin da launukansa. A 2024 Robert Eggers ya fitar da nasa. Ko waɗanda suka taso da kallon SpongeBob sun ga Orlok yana wasa da makunnin fitila, ko da ba su san ko wane ne ba.

To ɗan uwa mai tambaya, ga inda maganar ta shafe mu. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar da Hausa, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Shekaru masu yawa ana ɗaukar fim ɗin ya ɓace. Sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wata cibiya a Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Ku tambayi kanku, cikinmu mutum nawa ne suka taɓa kallonsa? Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin fina-finan bidiyo na Hausa, wa ke da kwafinsa mai kyau a cikinku? Fina-finan da aka yi a kaset a shekarun 1990, kaset ɗin yana cin danshi da ƙura da zafi, ba ya jiran kowa. A gidanmu akwai kwali guda na irin waɗannan kaset, da na buɗe shi bara na tarar duk sun yi fumfuna. Na ji ciwon abin, domin ni ma ina cikin masu sakacin.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, in akwai tsofaffin kaset ko faifai a gidanku, kada a zubar. A raba su da danshi da rana, a nemi mai na'urar mayar da su kwamfuta, a kuma nemi masu fim ɗin ko iyalansu a sanar da su, don kada mu ceci fim mu danne haƙƙin mai shi. Na biyu, ku ba Nosferatu dama. Ku nemi kwafin da ke da launin shuɗi da ruwan ɗorawa, tsawonsa kusan awa ɗaya da rabi ne. Ku kalla da dare, ku kashe fitila, ku rufe sauran manhajoji, ku yi haƙuri da minti ashirin na farko. In kun kai wurin jirgin ruwan nan kuna dariya, ku zo ku faɗa min.

Ku rubuto mana a ƙasa: wane tsohon fim ne, na Hausa ko na Indiya ko na ko'ina, kuka kalla kuna yara kuma yanzu kun neme shi kun rasa? Ku faɗi sunansa da abin da kuke tunawa, wataƙila wani a cikinmu yana da shi a kwali. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu je Amurka ta 1968, mu ji yadda mantuwar rubuta alamar haƙƙin mallaka ta sa Night of the Living Dead ya zama na kowa, masu shi suka tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.